Ƙwarnafi: maganinsa ba ya kan farantin mai talla

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau za mu yi magana a kan wani ciwo da kusan kowane gida ya san shi. Yana farawa kamar garwashi a ƙahon zuciya, ya hau ƙirji, har ya kai maƙogwaro. Wani lokaci ruwa mai tsami ya cika baki. Wani lokaci gyatsa ce mai ɗaci ke zuwa a kai a kai. Yakan fi tsanani da dare, bayan an ci tuwo an kwanta. Wannan shi ne ƙwarnafi.

Kowa ya san abin da muka saba yi idan ya taso. Tsohuwa takan jiƙa kanwa a ƙoƙo ta sha. Magidanci yakan tare mai tallar magani ranar kasuwa, ya ba shi kuɗi kaɗan, a ƙirga masa ƙwaya ja da fara a tafin hannu. Zafi ya lafa, gobe ya dawo, a sake komawa. Akwai waɗanda suka shekara 10 a haka.

Mu dai ra'ayinmu shi ne, wannan hanya ba ta fitar da mu. Yawancin ƙwarnafi a bakin akushi ake maganinsa da kuma wurin kwanciya, ba tare da an kashe ko dala ɗaya ba. Wanda kuma ya ƙi jin wannan magani na gidan likita ne. Mai talla ba shi da rabo a ciki ko kaɗan, don sau da yawa abin da ke kan farantinsa shi ne ya hura wutar tun farko.

Daga ina zafin ke tasowa?

Abincin da muka haɗiye yana bin wata hanya kamar bututu, daga maƙogwaro ya ratsa ƙirji ya faɗa tumbi. A cikin tumbi akwai wani ruwa mai tsami ƙwarai, wanda likitoci ke kira asid. Ruwan nan ba ciwo ba ne. Shi ke narkar da abinci, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Tumbi yana da wani yauƙi a jikinsa da ke kare shi daga wannan tsami, amma bututun ba shi da irin wannan kariya.

A inda bututun ya haɗu da tumbi akwai ƙofa ta nama, kamar bakin salka da aka tsuke da igiya. Takan buɗe abinci ya wuce, sannan ta tsuke. Idan ta yi sako-sako, ko tumbi ya cika ya matsa mata, sai ruwan tsamin ya koma sama ya ƙona bututun. Zafin da muke ji ke nan. Ko da yake a kusa da zuciya ake jin shi, ba zuciya ce ke ƙuna ba.

To, mu ɗauki tulu cike da ruwa, marfinsa bai zauna daidai ba. Muddin yana tsaye, ruwa ba ya zuba. Da zarar an kwantar da shi, sai ƙasa ta jiƙe. Haka mutum yake. Wanda ya cika cikinsa da tuwo da miya, ya bi da fura, ya miƙe kan tabarma nan take, ya kwantar da tulunsa. Tumbi yana bukatar awa 2 zuwa 3 kafin yawancin abincin ya wuce gaba. Saboda haka shawara ta farko ita ce a bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya.

Mun san faɗin wannan ya fi yinsa sauƙi. A ƙauyukanmu tuwon dare shi ne babban abinci, a wasu gidaje ma shi ne kaɗai. Kuma ba don ganin dama yake daɗewa bai sauka ba. Mace ɗaya ce ta je rijiya, ta je itace, ta yi sussuka da surfe da daka, da goyo a bayanta. Kafin ta tuƙa, an yi lisha. Maigida da ke kukan ƙwarnafi ba shi da ikon ya zauna ya ce a riƙa ba shi tuwo da magariba, alhali bai rage mata komai ba. Kuɗin da yake ba mai talla kowace kasuwa, da ya kai hatsi injin niƙa da shi, ko ya sa yara maza su kawo itace da ruwa, da tukunya ta sauka da wuri. Mun tabbata wannan ya fi ƙwayar amfani.

Haka kuma idan aka ce wa talaka ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, zai yi dariya, kuma yana da gaskiya. Amma ba cewa muke a ƙara mudu ba. Tuwon nan guda za a raba. A ci wanda zai tsare yunwa da dare, a ajiye saura a yi ɗumame da safe. Cikin da ya kwana bai cika maƙil ba ya fi samun barci, kuma manomi ya fita gona da abu a cikinsa. A ci a hankali, a tauna sosai. Mai saurin loma yana haɗiyar iska da yawa, ita kuma iska sai ta nemi hanyar fita, ta buɗe ƙofar nan.

Wurin kwanciya ma yana da nasa aiki. Mai gado ya sa tubali ko guntun katako a ƙarƙashin ƙafafu 2 na wajen kai, gadon ya ɗaga kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Mai kwana a ƙasa ya tara rairayi ƙarƙashin tabarma, ya yi gangare daga kai zuwa ƙugu. Rairayi dai ba saye muke ba. Tara matashin kai 2 ko 3 ba ya yin wannan aiki, don wuya kawai yake ɗagawa, ya lanƙwasa mutum, ya ƙara matse ciki. A kuma fi kwanciya a gefen hagu. Tumbi ya fi karkata hagu, don haka idan aka kwanta ta nan, ruwan tsamin yakan taru ƙasa da ƙofar. Wanda ya saba kwanciya ta dama yana iya farawa da ita, in ya ji zafin ya juya.

A gona kuwa, mai noman duƙe ya fi mai noman tsaye haɗuwa da ƙwarnafi idan ya koma aiki da cikakken ciki. Bayan an sha furar rana, a ɗan zauna a inuwa kafin a duƙa. A sassauta mazagin wando da ɗamara. Mata ma su sassauta ɗaurin zane bayan cin abinci. Mai babban teɓa ya sani kitsen ciki yana danna tumbi dare da rana, kuma rage ƙiba na daga cikin abubuwan da suka fi kawo sauƙi.

Game da irin abinci, ba za mu kafa wa kowa doka ba, don abin da ke tayar wa wani ba ya tayar wa wani. Waɗanda aka fi kuka da su su ne abinci mai maiƙo da soye-soye, irin su ƙosai da fanke da nama mai kitse, sai barkono mai yawa, ɗanyar albasa, tumatir, lemun tsami, lemun kwalba mai iska, da kafe. Maiƙo yakan daɗe a tumbi, ya kuma sassauta ƙofar. Madara ko nono kan sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, amma ga wasu zafin kan dawo bayan haka.

Sai shayi. Samarinmu kan zauna a fada tun safe, ba su karya kumallo ba, su dafa shayi mai kauri, su sha na farko da na biyu da na uku, su bi da sigari. Dattijo kuma ga goro, ga garin taba da kanwa a baki. Taba, ko ta hayaƙi ko ta baki, tana kwance ƙofar tumbi. Giya ma haka. Ba mu ce a bar shayi ba, mun san ba za a ji ba. Amma a fara sa wani abu a ciki, a rage kauri, kada kuma a sha shi dab da barci. Taba kam, barinta ya fi.

Tun da yanzu hannunmu ya iya riƙe alƙalami, ga wani aiki mai sauƙi. A samu takarda, a yi kwana 14 ana rubuta abin da aka ci, da lokacin da aka ci, da lokacin da zafin ya taso. A ƙarshe mutum zai ga mai laifin da idonsa. Sai ya bar wannan abu ɗaya ko biyu, ya ci gaba da cin sauran. Ba daidai ba ne mutum ya hana kansa wake da gyaɗa da miya duka saboda jita-jita, har ya rame.

A watan azumi abin yakan ƙaru, don ana buɗa baki da soye-soye a cika ciki lokaci guda, a yi sahur kuma a koma barci nan take. A fara da ruwa da dabino ko kunu, a dakata, sannan a ci abinci.

Maganar kanwa

Ba za mu ce kakanninmu ba su san abin da suke yi ba. Kanwa tana kashe tsami, gaskiya ne. Wanda ya taɓa zuba ta cikin miyar yakuwa ko ruwan tsamiya ya ga yadda take kumfa, tsamin ya mutu. Abin da take yi a tumbi ke nan, shi ya sa ake jin sauƙi nan da nan a yi gyatsa. Garin bikarbonat da ake sayarwa a kanti ma ɗan'uwanta ne.

Amma kanwa dangin gishiri ce. Sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da hawan jini, wato sodiyom, yana cikinta da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu duba miyarmu: ga gishiri, ga dunƙulen magi, ga kanwar da aka sa don kuɓewa ta yi yauƙi ko wake ya nuna. Idan aka ƙara da ƙoƙon ruwan kanwa kowane dare, an wuce iyaka nesa. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon ƙoda, da mai kumburin ƙafa, wannan ƙoƙo yana iya kai su kwance. Ban da haka, kanwar kasuwa ba ta da awo. Wata ta fi wata ƙarfi, kuma ba wanda ya san yawan abin da ya sha.

Mata masu ciki su ne suka fi ba mu tsoro a nan. Ƙwarnafi yana yawan kama su, musamman a watannin ƙarshe, don ɗa yana tura tumbi sama, ƙofar kuma takan yi laushi a lokacin goyon ciki. Yawanci yakan wuce bayan haihuwa. Amma lokacin nan ne jikin mace ke tara ruwa, bai kamata a ƙara masa kanwa ba. A shekarun 1970, likitoci a Zariya ta Najeriya sun lura da mata da yawa da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun danganta abin da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Al'adarsu da tamu ɗaya ce. Mai ciki da ƙwarnafi ya dama ta faɗa wa ungozoma ranar awo, akwai maganin da ya dace da ita.

Farantin mai talla

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Magani ya yi tsada a farmasi, masu yawo da shi a faranti da kwali suka yawaita a kasuwanni da tashoshin mota. Mutane suka saba da su, har wasu na kiran su likita.

Ga yadda abin ke faruwa. Manomi ya wuni yana noma, ya dawo da ciwon baya da gaɓoɓi. Ya ce a ba shi maganin gajiya. Abin da ake ba shi yawanci ibuforofen ne, ko dikilofenak, ko asfirin. A jikin kwali ana rubuta su Ibuprofène, Diclofénac, Aspirine. Mu koyi gane waɗannan sunaye. Magunguna ne na gaske, suna kashe ciwo, likita ma yana ba da su. Amma suna rage yauƙin nan da ke kare tumbi. Wanda ke shan su kullum, biyu-biyu ko uku-uku, cikinsa ba komai, yana kankare garkuwar tumbinsa da hannunsa. Da farko zafi ne. Daga baya gyambo. Gyambo kuma yana iya zubar da jini, yana iya huda tumbi, sai an yi aiki cikin gaggawa.

Idan zafin ya fara, sai mutumin ya koma wurin mai tallar nan, ya sayi maganin ciki. Mai talla ya ci riba sau 2. Bai tambaye shi shekarunsa ba, bai tambayi ko yana da hawan jini ba, bai san ma abin da ke cikin ƙwayar ba. Ga ta ta wuni a rana tana gasuwa, an ɓare ta daga kwalinta, ba a san ranar da wa'adinta ya ƙare ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, magani 1 cikin 10 jabu ne ko maras inganci.

Ba mu zargin mai saye. Gidan likita yana da nisa ga ƙauyuka da yawa, ga kuɗin mota, ga aikin gona ba ya jira, shi kuwa mai talla har ƙofar gida yake zuwa. Amma a yi lissafi. A tara abin da aka ba shi a shekara, a haɗa da kwanakin da ciwo ya hana aiki, za a ga tafiya ɗaya zuwa likita ta fi araha. Don ciwon jiki na yau da kullum, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, amma shi ma kada babba ya wuce ƙwaya 6 masu miligiram 500 a yini sai da izinin likita. Wanda kuma likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya, kada ya bari da kansa, ya koma ya faɗa masa.

A gidan likita akwai magungunan ƙwarnafi iri biyu da aka fi bayarwa. Akwai na taunawa ko na ruwa fari kamar madara, masu kashe tsami nan take, amma aikinsu ba ya daɗewa. Waɗannan suna hana wasu magunguna shiga jiki, kamar ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki, don haka a bar awa 2 tsakaninsu. Akwai kuma masu rage yawan tsamin da tumbi ke yi, kamar omefirazol. Shi ana shan shi ne da safe, kamar minti 30 kafin a karya kumallo, kuma yakan ɗauki ƴan kwanaki kafin ya kama aiki sosai. Kada mutum ya wuce kwana 14 yana shan shi bisa ra'ayin kansa.

Akwai dalilin da ya sa muke nanata zuwa likita. Ba kowane zafin ciki ne ƙwarnafi ba. Da can ana zaton yaji da damuwa ne ke kawo gyambon ciki. A 1982, wasu likitoci 2 na ƙasar Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi, ana kiran ta Helikobakta. Ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, ita da magungunan kashe ciwo da muka ambata. Wannan bincike ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar tana da yawa a ƙasashenmu, kuma ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14, in an sha su duka ba a tsallake ba. Ke nan mutumin da ya shekara 10 yana jiƙa kanwa, wataƙila maganin mako 2 ne ya raba shi da ciwonsa.

Alamomin da ba a kwana da su

Wanda ƙwarnafi ke kamawa sau 2 ko fiye a kowane mako, ko ya gyara cinsa da kwanciyarsa mako 2 bai ga sauƙi ba, ya je a duba shi. Tsamin da ya daɗe yana ƙona bututun abinci yana iya sa shi ya yi miki ya tsuke. Haka ma wanda ya haura shekara 50 sannan ciwon ya fara masa.

Amma akwai alamomin da ba a jiran ranar kasuwa. Idan abinci ya fara maƙalewa a ƙirji, ko haɗiya ta yi zafi. Idan mutum yana ramewa ba dalili, ko yana amai ba ya tsayawa. Idan ya yi aman jini, ko amai baƙi kamar jiƙaƙƙen garin kafe. Idan bayan gida ya fito baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ga jiri, ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Wannan jini ne ke zuba a ciki. Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, amma ma'aikacin lafiya ne zai bambanta. Idan kuma ciki ya ɗauki ciwo farat ɗaya, ya ƙage kamar katako, kada a ba shi abinci ko ruwa ko jiƙo, a nemi mota.

Ciwon zuciya ma yakan yi shigar ƙwarnafi. Idan zafin ƙirji ya zo kamar an ɗora dutse, ya taso lokacin aiki ko tafiya, ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa mai sanyi, ga numfashi sama-sama, to kada a tsaya jiƙa kanwa. Dattijo da mai hawan jini da mai ciwon sukari su fi kula da wannan.

Mai cikin da ya wuce wata 5, in ta ji ciwo mai tsanani a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tare da ciwon kai, da kumburin fuska da hannu, ko ido yana ganin dishi-dishi, ba ƙwarnafi ba ne. Alamar jininta ya hau ne, kuma jijjiga na iya biyo baya. Maigida ya kai ta likita a ranar, ko da tsakar dare ne.

Idan za a tafi, a ɗauki duk magungunan da ake sha, da kwalayensu, har da na mai talla da na gargajiya, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Kada a ji kunya a ɓoye masa. A tafi da takardar nan ta kwana 14 in an rubuta ta. Idan ya ga abin ya fi ƙarfin wurinsa, zai ba da takarda zuwa babban asibiti, kamar na Yamai, inda ake zura siririn bututu mai fitila ta baki a duba cikin tumbi. Ana yin wannan awo ne da ciki wayam, saboda haka a tambayi awa nawa za a yi ba a ci komai ba kafin a je.